ƘYASHI DA MUHALLI: INDA WANNAN ƘWARO YAKE ZAMA DA DALILIN ZAMANSA A WURIN

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin manoma, makiyaya, magidanta, masu unguwanni, dagatai da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suke kudancin Jihar Kano. Manufarmu ita ce jama'a su san wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai shan jini da ake kira ƙyashi, su san irin wurin da yake hayayyafa, sa'an nan su gane cewa yanayin ƙasa da na gida su ne ke gayyatarsa ko su kore shi.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, ƙyashi ba ya bazuwa ko'ina daidai wa daida. Yana zama ne a ƙananan wurare inda danshi, duhu, rashin iska da ruɓaɓɓen abu suka haɗu, kuma ba ya yin nisa daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Saboda haka sau da yawa wanda ya ciji mutum a daren yau, a bayan ɗakinsa ko a gefen gonarsa ya girma. Wanda ya san wannan ya san inda zai fara gyara.

Mene ne ƙyashi?

A bakin jama'a, kalmar ƙyashi ta haɗa ƙananan ƙwari masu cizo iri-iri. Wanda muke magana a kansa a nan shi ne dangin da masana suke kira Phlebotominae. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wato bai kai rabin sauro ba. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, jikinsa duk gashi, ƙafafunsa dogaye. Idan ya sauka a bango yakan ɗaga fikafikansa sama a buɗe, ba ya kwantar da su a bayansa kamar ƙuda. Ba ya kuka a kunne irin na sauro, kuma tashinsa gajere ne, kamar mai tsalle-tsalle a jikin bango ko kusa da ƙasa.

A duniya an san nau'o'in wannan dangi kusan 1,000, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa 90 da 'yan kai ne suke ɗaukar cuta zuwa ga mutum. Namiji da mace duka suna rayuwa da ruwan zaƙin tsirrai. Macen ce kaɗai take shan jini, domin da shi ƙwayayenta suke nuna. Tana fitowa daga faɗuwar rana zuwa asuba, da rana kuma ta ɓuya.

Wajibi ne a rarrabe shi da sauran ƙwarin da muka saba da su, domin kowanne da irin mazauninsa. Sauro yana zuba ƙwai a ruwan da ya kwanta, kamar kududdufi, kwata da tsohuwar taya. Baƙin ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi yana hayayyafa a ruwa mai gudu a kan duwatsu, da rana kuma yake cizo. Ƙudan tsando yana son inuwar kurmin bakin rafi. Shi kuwa ƙyashi ba ya zuba ƙwai a ruwa ko kaɗan. A ƙasa mai danshi yake zubawa, inda akwai ruɓaɓɓen ganye, kashin dabbobi ko sauran shara. Mace ɗaya takan zuba ƙwai kamar 30 zuwa 70 a lokaci guda. Ƙwan yakan fashe cikin mako ɗaya zuwa biyu, 'yar tsutsa ta fito tana cin ruɓaɓɓen abin da ke kewaye da ita, ta yi saɓa sau huɗu kafin ta rikiɗe. Daga ƙwai zuwa balagaggen ƙwaro yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ɗumin wurin.

Cutar da yake ɗauke da ita

Babbar cutar da ƙyashi ke yaɗawa ita ce lishmaniya. An samo sunan ne daga wani likitan sojan Ingila, William Leishman, wanda shi da Charles Donovan suka bayyana ƙwayar cutar a shekarar 1903 daga marasa lafiya na ƙasar Indiya. A 1921 masu bincike a Aljeriya, a ƙarƙashin jagorancin 'yan'uwa biyu, Edmond da Etienne Sergent, suka nuna cewa ƙyashi ne ke kai nau'in fata na cutar ga mutum. A 1942 aka tabbatar da haka game da nau'in da ke kama cikin jiki, a Indiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da cutar kowace shekara, kuma ta sanya ta a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Cutar iri uku ce. Na farko shi ne na fata, wanda ya fi yawa. Yakan fara da ɗan ƙurji a inda aka yi cizon, yawanci a fuska, hannu ko ƙafa, bayan makonni ko 'yan watanni. Ƙurjin ya yi ta girma har ya zama gyambo mai tudun baki, sau da yawa ba ya zafi sosai, ya daɗe bai warke ba, idan ya warke kuma ya bar tabo na har abada. Na biyu shi ne na cikin jiki, wanda ake kira kala-azar. Alamunsa zazzaɓi mai daɗewa, rama, ƙarancin jini da kumburin saifa da hanta. Idan ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi sukan rasa rayukansu. Wannan nau'i ya fi tsanani a Sudan, Sudan ta Kudu, Habasha, Kenya, Somaliya, Indiya da Barazil. Na uku shi ne mai cin hanci da baki, wanda aka fi sani a Kudancin Amurka.

A Afirka ta Yamma nau'in fata aka fi gani. An fara ba da labarinsa a ƙasar Nijar a 1911, a Nijeriya kuma a shekarun 1920. Tun daga nan likitoci sun rubuta rahotannin masu ɗauke da shi a sassa daban-daban na Arewa, har da yankin Sakkwato da garin Keana na Jihar Nasarawa ta yanzu. Nau'in ƙyashin da ke yaɗa shi a wannan yanki sunansa Phlebotomus duboscqi, wanda aka sanya wa suna a 1906. Mazauninsa shi ne faffaɗan yankin Sahel da saimon da ke kudu da shi, tun daga Sanagal har zuwa gabashin Afirka, kuma ƙasar Kano tana cikin wannan zirin. A ƙarshen shekarun 1970, binciken da aka yi a Keur Moussa ta ƙasar Sanagal ya nuna cewa ƙwayar cutar tana zaune a jikin ɓerayen daji, ƙyashin kuma yana kwana tare da su a cikin raminsu. Daga ɓera yake ɗauka, ƙwayar ta girma a cikinsa na kimanin mako ɗaya ko fiye, sa'an nan ya zuba ta a jikin wanda ya ciza daga baya.

Abubuwan muhalli da ke ƙayyade mazauninsa

Na farko shi ne danshi. Ƙwan ƙyashi da tsutsarsa ba su jure bushewa, haka kuma ba su jure ambaliya. Abin da suke so shi ne tsaka-tsaki, ƙasa mai laima wadda ruwa bai kwanta a kanta ba. Wannan ya sa a ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu ba a sarari yake rayuwa ba. A cikin rami yake, ko tsagewar bango, kogon itace, ƙarƙashin dutse, ramin suri da gindin rumbu. Ko da rana ta ƙwalle a waje, cikin ramin ɓera yana nan da sanyinsa da laimarsa, ga kuma kashi da ragowar abinci da tsutsa za ta ci, ga jinin mai ramin a kusa.

Na biyu shi ne ɗumi. Masu kiwon ƙyashi a ɗakunan bincike sukan ajiye shi a zafin da ke tsakanin digiri 25 zuwa 28, domin a nan ya fi saurin girma. Idan sanyi ya yi yawa, girman tsutsa yakan tsaya, balagaggen kuma ya daina fitowa. Ita ma ƙwayar cutar da ke cikinsa ɗumi ne ke hanzarta girmanta. Saboda haka tudu mai sanyin dare da kwari mai ɗumi ba su zama ɗaya ba, ko da suna cikin gunduma guda.

Na uku ita ce iska. Ƙyashi ba shi da ƙarfin fiffike. Iska kaɗan ta ishe ta hana shi tashi, shi ya sa ya fi cizo a daren da garin ya yi tsit. Yawancinsu ba su wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda suka fito, kuma sun fi tashi kusa da ƙasa. Mai kwana a kan tabarma a gindin tsohuwar katanga ya fi fuskantar cizo a kan mai kwana a kan gado a inda iska ke ratsawa.

Na huɗu shi ne irin ƙasa da itatuwan da ke kanta. Misalin da ya fi fitowa fili yana Jihar Gadarif ta gabashin Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna suna noma tun zamanin da ake tafiya gabas a ƙafa. A can, nau'in da ke yaɗa kala-azar, wato Phlebotomus orientalis, yana tare da baƙar laka mai tsagewa da rani, musamman inda itatuwan dushe da aduwa suka yi yawa. Tsagewar lakar ita ce maɓoyarsa. Yakan yawaita a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, da zarar ruwa ya sauka ƙasa ta haɗe kuma sai ya ragu. A Kenya da kudancin Habasha kuwa wani nau'in ne daban, wanda ya zaɓi ramukan suri. Wannan yana nuna mana cewa kowane nau'i da irin ƙasar da ta karɓe shi, kuma ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka za su iya bambanta ƙwarai idan ƙasarsu ta bambanta.

Na biyar su ne dabbobi. Inda ɓeraye suka yawaita, ramuka sun yawaita ke nan. Inda turken dabbobi da akurkin kaji suke manne da ɗakin kwana, taki yana taruwa, ƙasa tana jiƙewa da fitsari, tsutsa ta sami abinci. A Indiya da Bangaladash, nau'in da ke can ya fi zama a garken shanu da tsagewar bangon ɗakunan ƙasa. A wasu ƙauyukan tsakiyar Mali kuma, masu bincike sun sami irin na Afirka ta Yamma da yawa a cikin ɗakuna da kewayen gidaje, wanda ya nuna cewa ba a daji kawai yake tsayawa ba.

Yadda ayyukan mutane ke sauya mazauninsa

Tarihi ya nuna cewa duk lokacin da aka sauya fuskar ƙasa, mazaunin ƙwari ma yakan sauya. A ƙasar Tunisiya, annobar lishmaniyar fata ta ɓarke a 1982 a kewayen madatsar ruwa ta Sidi Saad, daga nan ta bazu zuwa jihohin tsakiya da kudancin ƙasar, inda ɓerayen daji ke riƙe da ƙwayar cutar. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, an ga yawaitar masu gyambon tun daga 1996, a daidai lokacin da birnin ke faɗaɗa yana cin dajin da ke gefensa. A yankin yammacin Upper Nile na kudancin Sudan, yaƙi da yunwa da gudun hijira sun tura mutane cikin dajin ƙaya, kala-azar ta hallaka kimanin mutum 100,000 tsakanin 1984 da 1994.

Akwai kuma misalan da ke ba da ƙwarin gwiwa. A shekarun 1950 da 1960, feshin maganin sauro a cikin gidaje a Indiya ya rage kala-azar ƙwarai, duk da cewa zazzaɓin cizon sauro aka nufa. Da aka yi sakaci da feshin, cutar ta dawo da ƙarfi a Jihar Bihar a shekarun 1970. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Bangaladash ta kawar da kala-azar a matsayin matsalar lafiyar jama'a, ita ce ƙasa ta farko da ta kai wannan matsayi. A nan kusa da mu ma, a Anchau ta ƙasar Zazzau, an yaƙi ƙudan tsando tun daga ƙarshen shekarun 1930 ta hanyar sare kurmin bakin rafuka da gina sabon gari mai sarari da aka sanya wa suna Takalafiya. Ƙwaron daban ne, amma darasin ɗaya ne: idan aka gyara wurin zamansa, ƙwaro yakan rasa wurin fakewa.

Yanayin ƙananan hukumomin nan huɗu

A Jihar Kano ruwan sama yana ƙaruwa ne yayin da mutum ke yin kudu. Daga Bebeji zuwa Doguwa damina tana ƙara tsawo, itatuwa suna ƙara yawa, ƙasa kuma tana ƙara tudu. Ga abubuwan da ya kamata a lura da su a kowane yanki idan ana neman wuraren da suka dace da rayuwar ƙyashi.

A Bebeji, babban abin da ya sauya muhalli shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Akwai kuma tafkin Bagauda. Ruwan da kansa ba mazaunin ƙyashi ba ne. Abin dubawa shi ne gaɓar da ruwa ke janyewa daga kanta da rani, kunyoyin da ke gefen magudanan ban ruwa, da tarin karan amfanin gona da ake bari a gefen fadama. Noman rani yana samar wa ɓeraye abinci a duk tsawon shekara, su kuma suna haƙa ramuka a jikin kunya da gaɓa, inda danshi ba ya yankewa. Masu kwana a bukka suna gadin tumatir, albasa ko alkama, da masunta masu kwana a bakin tafki, su ne suka fi kusa da irin waɗannan wurare.

A Ƙiru, yawancin ƙasar gonakin tudu ne na dawa, masara da gyaɗa, da garuruwa masu yawan jama'a. A nan abin lura yana cikin gari: tsofaffin katangu da suka tsage, kangayen da aka ƙaurace musu, juji a bayan gida, rumbunan da ɓera ya huda gindinsu, da turken tumaki da awaki a tsakar gida. Haka kuma a mahaɗar hanyoyi irin Kwanar Ɗangora, inda matafiya da 'yan kasuwa ke kwana a waje, tarin shara da buhunan hatsi suna jawo ɓeraye.

A Tudun Wada, fadamun shinkafa da tarin buntu a wuraren casa sun haɗu da bakin dajin Falgore. Ɓera ba ya nisa da inda hatsi yake. A bakin dajin kuma akwai suri, kogunan itatuwa da ramukan namun daji. Masu neman itace, masu yin gawayi, mafarauta da masu buɗe sabuwar gona sukan shiga waɗannan wurare da sassafe ko su kai almuru a ciki, wato lokacin fitowar ƙwaron.

A Doguwa, ƙasar ta fi ko'ina tudu da ruwan sama a jihar. Duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000 daga saman teku, kuma daren hunturu a can yana da sanyi sosai, wanda ke rage kuzarin ƙwari. Sai dai tsagewar duwatsu, kogunan da ke jikinsu da tsofaffin ramukan haƙar kuza suna riƙe ɗumi da laima ko da waje ya yi sanyi. Masu haƙar ma'adinai da ke kwana a rumfuna kusa da ramuka, da makiyayan da ke mashekari a gefen daji, ya kamata su yi hattara. A wannan yanki mai rafuka masu gudu a kan duwatsu, yana da kyau a riƙa tantance ko cizon na rana ne a bakin rafi ko na dare ne a wurin kwana, domin amsar ce za ta nuna ƙwaron da ya yi shi.

Lokutan shekara

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi da busasshiyar iska suna tilasta wa ƙyashi zama a maɓoyarsa. Da bazara, dare ya yi ɗumi, mutane su fito kwana a tsakar gida ba riga, wanda ke sauƙaƙa masa samun jini. Ruwan farko yana jiƙa ƙasa, hayayyafa ta ƙaru, amma mamakon ruwa na tsakiyar damina yakan cika wasu ramukan ya kashe tsutsotsin da ke ciki. Da kaka hatsi ya shigo gida, ɓeraye su biyo shi. Da yake gyambon ba ya fitowa sai bayan makonni ko watanni da cizo, mai ciwon yakan manta da inda ya kwana a lokacin. Don haka idan ma'aikacin lafiya zai yi tambaya, ya koma baya kamar wata biyu zuwa uku: ina ka yi aiki, ina ka kwana, wa ya kwana tare da kai?

Abin da magidanci zai yi

1. A yaɓe bangon ɗaki ciki da waje, a toshe duk wata tsagewa, a daɓe ƙasan ɗaki. Wanda ba shi da halin siminti, yaɓen laka mai kyau ya wadatar idan ana sabunta shi bayan kowace damina.

2. A kwashe taki daga turke da akurki a kai a kai, a kai shi gona. Kada a bar juji ya taru a jikin katangar ɗakin kwana.

3. A nisanta turken dabbobi da ɗakin kwana gwargwadon yadda filin gida ya ba da dama.

4. A toshe ramukan ɓeraye, a ɗaga rumbu daga ƙasa a kan duwatsu, a rufe hatsi da ragowar abinci.

5. A kwana a cikin gidan sauro mai magani. Saboda ƙanƙantarsa, ƙyashi yana iya ratsa ramukan gidan sauron da ba shi da magani, amma mai maganin yana kore shi ko ya kashe shi. Mai gadin gona ya tafi da nasa bukka.

6. A kwana a kan gado ko wani abu mai tudu, a inda iska ke ratsawa, nesa da suri da gindin tsohon bango.

7. Mai fita da almuru ko asuba ya sa riga mai dogon hannu da wando mai tsawo.

8. Duk ƙurjin da ya zama gyambo ya kai makonni bai warke ba, a kai shi asibiti. Kada a ƙona shi, kada a zuba masa ruwan batir ko wani abu mai ci, domin hakan na ƙara girman tabo. Ba kowane gyambo ne lishmaniya ba. Ciwon sukari, kuturta da wasu cututtukan fata ma suna kawo miki mai daɗewa, kuma gwajin da ake yi da ɗan abin da aka kankaro daga bakin gyambon ne ke rarrabewa. Haka kuma zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji maganin maleriya ba, tare da rama da kumburin ciki, yana buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba, musamman ga wanda ya dawo daga Sudan ko gabashin Afirka. Cutar tana da magani, amma likita ne ke bayarwa, kuma har yanzu ba a sami allurar rigakafinta ga mutane ba.

Aikin jami'ai da masu riƙe da sarauta

Da yake ƙyashi ba ya tafiya mai nisa, masu ciwon sukan taru a unguwa ɗaya ko a tsakanin mutanen da suka yi aiki a wuri ɗaya. Wannan babbar dama ce ga hukuma. Idan mai unguwa ya lura da mutum biyu ko uku masu gyambo iri ɗaya, ya sanar da dagaci da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Shi kuma ma'aikacin ya rubuta sunan unguwar, sana'ar mai ciwon da watan da ƙurjin ya fara, ya miƙa ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda zai isar da rahoton ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha. Irin wannan rubutu, idan aka tara shi na shekara ɗaya ko biyu, shi ne zai nuna unguwannin da suka fi buƙatar feshi da rabon gidan sauro.

Masu binciken ƙwari suna da hanya mai sauƙi ta gano ko ƙyashi na wuri. Sukan shafa man zurma a jikin farar takarda, su kafa ta a bakin ramin ɓera, suri ko tsagewar bango da yamma, su dawo da safe su ɗauki ƙwarin da suka manne. Akwai kuma tarko mai ƙaramar fitila da ake ratayewa a ɗaki. Daga nan sai a duba su da madubin ƙara girma a ɗakin bincike, domin yawancin nau'o'in da ake kamawa a yankinmu na Afirka jinin ƙadangaru da tsaka suke sha, kuma ido kawai ba ya rarrabe su da mai cutarwa. Idan irin waɗannan ma'aikata suka zo gari, muna kira ga jama'a da su ba su haɗin kai, a kuma hana yara cire takardun.

Duba-gari suna da rawar takawa wajen kwashe juji da kula da kangaye. Malaman gona kuma su haɗa batun ɓeraye da gyaran kunya a cikin shawarar da suke ba manoman rani, tunda ɓeran da ke cin amfanin gona shi ne ke haƙa wa ƙyashi gida. Idan za a yanka sababbin filayen zama a bakin daji ko kusa da fadama, ya dace sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya duba wurin kafin mutane su tare. Ranar 30 ga Janairu ta kowace shekara, wadda aka keɓe a duniya domin cututtukan da aka yi watsi da su, lokaci ne da ya dace a yi wa'azin lafiya a kasuwanni da makarantu, kafin zafin bazara ya fito da mutane kwanan waje.

Kammalawa

Danshin rami, tsagewar bango, tarin taki, ramin ɓera da daren da babu iska, su ne ke ƙayyade inda ƙyashi zai zauna. Ruwan sama da duwatsu ba a hannunmu suke ba, amma yaɓen ɗaki, kwasar juji, toshe rami da rataya gidan sauro duk ayyuka ne da kowane gida a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa zai iya yi da abin da ke hannunsa. Waɗannan matakai kuma amfaninsu ya wuce na ƙyashi, domin suna rage sauro, suna rage ɓarnar hatsi, suna kuma nisanta ɓeraye daga abincin iyali. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen kula da lafiya a matakin farko na ƙaramar hukumarsa ko asibitin gwamnati mafi kusa da shi.